Idan Mara Lafiya Ya Daina Magana, Wa Ke Da Ta Cewa?



Duk wanda ya taɓa kwana a barandar babban asibiti ya san irin wannan dare. Dangi sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar ɗakin da mutane ke kira gobe da nisa, ga fulas ɗin shayi, ga kwanukan abincin da ba wanda ya iya buɗewa. Can sai likita ya leƙo, riƙe da fayil, ya ce yana son ganin wanda zai yi magana da shi. Tsohon da ke ciki ƙodarsa ta tsaya, huhunsa ya tara ruwa, ciwon dajin kuma tuni ya bazu. Ana iya ɗora shi a kan na'urar numfashi, a fara masa wankin ƙoda. Wataƙila hakan ya ƙara masa kwanaki, amma ba zai tashe shi ba. Likita yana son amsa kafin asuba. Babban ɗa ya dubi ƙanin mahaifinsa ya ce, "Baffa, me ka gani?" Baffa ya ce a kira ɗan'uwansu da ke Abuja, tunda shi ke turo kuɗi. Uwargida kuwa, wadda ta shekara 40 tana zaune da mutumin, tana can gefe ta rufe fuska da mayafi. Ba wanda ya tambaye ta.

Kakanninmu ba su san wannan tambaya ba. A zamaninsu idan numfashi ya tsaya, magana ta ƙare, sai wanka da likkafani. Na'ura ce ta zo da tambayar. A 1952 annobar shan inna ta afka wa birnin Copenhagen na ƙasar Denmak, yara suna ta mutuwa saboda ƙirjinsu ya kasa jan iska. Wani likitan da ke sa barci a ɗakin tiyata, Bjørn Ibsen, ya ba da shawarar a huda maƙogwaro a zura roba, a riƙa tura iska da hannu. Ɗaruruwan ɗaliban likitanci suka yi ta karɓa-karɓa dare da rana suna matsa jakar roba. Daga wannan aka samu ɗakin kulawa ta musamman, kuma rayukan da ya zama sanadin tsirarsu Allah kaɗai Ya san adadinsu. Sai dai na'urar da ke riƙe mai sauran kwana har ya miƙe, ita ce ke riƙe wanda ba zai miƙe ba. Ba ta san bambanci ba. Dole wani mutum ya ce a kunna, ko a bari, ko a kashe.

Shari'ar farko da ta girgiza duniya a kan wannan ita ce ta Karen Ann Quinlan, budurwa 'yar shekara 21 a jihar New Jersey ta Amurka, wadda ta faɗa doguwar suma a 1975. Iyayenta mabiya ɗariƙar Katolika ne, sun shawarci limamin cocinsu, suka nemi a cire mata na'urar. Likitoci suka ƙi. A watan Maris na 1976 kotun ƙolin jihar ta ba mahaifin dama. Aka cire, kowa yana jiran rasuwa, sai ta ci gaba da numfashi da kanta har shekara 9. Ba ta farfaɗo ba, ba ta kuma cika ba sai a watan Yuni na 1985. Cire na'ura daban, cikar ajali daban.

Iyayen Karen bakinsu ɗaya ne. Inda ake ganin tashin hankali shi ne inda gida ya rabu biyu.

Terri Schiavo tana da shekara 26 lokacin da zuciyarta ta tsaya a gidanta da ke jihar Florida, a watan Fabrairu na 1990. An farfaɗo da zuciyar, amma ƙwaƙwalwa ta riga ta daɗe ba iska. Tana buɗe ido, tana numfashi, ana ba ta abinci ta robar da aka zura a cikinta. Bayan shekaru mijinta, Michael, ya ce ta taɓa faɗa masa ba ta son a riƙe ta a irin wannan hali. Iyayenta suka ce ba su yarda ba, 'yarsu tana gane su, tana bin su da ido. Babu takarda ko ɗaya da ta rubuta. Surukai suka shiga kotu, daga wannan alƙali zuwa wancan, shekara bakwai ana abu ɗaya. Gwamnan jihar ya shiga, majalisar dokokin ƙasa ta yi zaman gaggawa, Shugaba George Bush ya taso daga Texas ya sa hannu a kan doka da tsakar dare saboda mace ɗaya da ke kwance. Duk da haka kotuna suka tsaya a kan shaidar mijin. Aka cire robar ranar 18 ga Maris na 2005, ta rasu ranar 31 ga watan. Mutanen da duk suke ƙaunarta sun kai ba sa iya tsayawa tare a ɗakin da take.

Mai sauraro Musulmi zai ji wani abu ya tokare shi a wannan labari, kuma da gaskiyarsa. Malamai da yawa suna bambanta na'urar numfashi da abinci da ruwa, suna ganin ba a hana mai rai ci da sha. Fafaroma John Paul na Biyu ma haka ya faɗa a 2004. Amma tambayar da ta raba gidan su Terri tana nan a kowane gida: miji ko iyaye? Wanda ya aura ko wanda ya haifa?

A Indiya an taɓa samun amsa ta uku, wadda ba wanda ya zata. Aruna Shanbaug ma'aikaciyar jinya ce a asibitin KEM da ke Mumbai. A watan Nuwamba na 1973 wani mai shara a asibitin ya far mata, ya shaƙe ta da sarƙar kare, ƙwaƙwalwarta ta lalace. Ta kwanta a wani ɗaki na asibitin da take aiki, kuma abokan aikinta ne suka zame mata dangi. Masu ritaya suna tafiya, sababbin ɗauka suna zuwa, kowace ta gaji wankan Aruna da juya ta da ba ta abinci. Abin alfaharinsu shi ne duk tsawon shekarun nan kwanciya ba ta taɓa yi mata gyambo ba, kuma duk wanda ya yi jinyar wanda ba ya motsi ko na wata biyu ne ya san nauyin wannan magana. Wata marubuciya, Pinki Virani, ta kai ƙara tana neman a bar Aruna ta huta. A watan Maris na 2011 Kotun Ƙolin Indiya ta ce a'a, kuma dalilinta ya cancanci a saurara: masu ta cewa a kan Aruna su ne waɗanda suka ɗauki dawainiyarta dare da rana, su kuwa sun ce a bar musu ita. Ta rasu a watan Mayu na 2015, bayan kusan shekara 42 a kwance. Kotun ba ta tambayi wa ya fi kusa ta jini ba. Ta tambayi wa yake wurin.

To likita fa? Shi ne ya san cutar, me zai hana a bar masa hukuncin?

Akwai malaman da suka ba shi babban rabo. A 1986 majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman, ta ce idan ƙwaƙwalwa ta daina aiki gaba ɗaya, ƙwararru suka tabbatar ba dawowa, ya halatta a cire na'ura. Shekara ɗaya bayan haka majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta yarda da cirewar bisa shaidar likitoci 3, amma ta ce ba a yanke hukuncin mutuwa, wato maganar gado da takaba, sai zuciya da numfashi sun tsaya. Kwamitin fatawa na Saudiyya ya ƙara gaba a shekarar 1409 ta Hijira: idan amintattun ƙwararrun likitoci 3 suka haɗu a kan cewa danna ƙirji da sauran dabarun farfaɗo da zuciya ba za su amfani mara lafiya ba, ba sai an yi ba, kuma ba a jiran ra'ayin dangi, domin wannan ba fanninsu ba ne.

Kotun Ƙolin Kanada ta bi wata hanyar. Hassan Rasouli injiniya ne Musulmi da ya yi ƙaura daga Iran. A 2010 aka yi masa tiyatar ƙari a ƙwaƙwalwa a birnin Toronto, sanƙarau ya biyo baya, ya faɗa suma. Likitocinsa suka ce na'urar ba ta da sauran amfani, za su cire. Matarsa, wadda ita ma likita ce a ƙasarsu, ta ce imanin mijinta bai yarda da haka ba. A watan Oktoba na 2013 alƙalai 5 cikin 7 suka ce a ƙarƙashin dokar lardin Ontario likita ba zai cire da gaban kansa ba: ko ya samu amincewar wakilin mara lafiya, ko ya kai maganar gaban hukumar da aka kafa don raba irin wannan gardama. A Saudiyyar ma kanta an ga uban da ya ƙi. Yarima Alwalid bin Khalid, wanda kafafen labarai suka yi wa laƙabi da yarima mai barci, ya yi hatsarin mota a Landan a 2005, mahaifinsa ya tsaya a kan kada a cire masa na'ura, ya yi shekara 20 a haka kafin ya rasu a watan Yuli na 2025.

Idan aka auna, tambayoyi biyu ne ake cakuɗawa. Ko wannan magani zai yi aiki, wannan ta likita ce, kuma ba adalci ba ne a jefa wa ɗan da bai taɓa shiga ajin likitanci ba ita da ƙarfe biyun dare, a bar shi ya rayu yana jin shi ya ce a kashe wa mahaifinsa na'ura. Amma ko ƙarin sati uku da roba a maƙogwaro ya fi sati ɗaya a gida cikin jikoki, wannan ba a karanta ta a jami'a. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wani abu kuma ba ya cikin wannan muhawara ko kaɗan. Yi wa mara lafiya allura don ya mutu, abin da wasu ƙasashe irin su Holan da Beljiyam suka halatta, kisa ne a dokar Najeriya, haramun ne a wurin malaman Musulunci da manyan coci-coci. Maganar yau ita ce dakatar da maganin da ya daina magani.

Wanda ya fi kowa haƙƙi shi ne wanda aka fi mantawa da shi, wato mai kwanciyar. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa a ciwon ajalin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, iyalansa sun ɗura masa magani ta gefen baki yana yi musu nuni da kada su yi. Sun ɗauka ƙin magani ne irin na kowane mara lafiya. Da ya farfaɗo ya nuna musu bai yarda da abin da suka yi ba. Malamai sun kafa hujja da wannan cewa ba a tilasta wa mai hankali magani. Majalisar fiƙihun nan ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta ce hukuncin neman magani yana sauyawa: wani lokaci wajibi, wani lokaci mustahabbi, wani lokaci halal kawai, wani lokaci ma makaruhi idan ana tsoron wahalarsa ta fi ta cutar. Ta kuma sharɗanta izinin mara lafiya muddin yana cikin hankalinsa.

Dokar Najeriya ma ta faɗi tata. A 1991 wata mai jego, mabiyar Shaidun Jehobah, ta ƙi ƙarin jini, ta sa hannu a takarda, mijinta ma ya sa. Ta rasu a wani asibiti a Inugu a hannun Dakta Okonkwo. Kotun ladabtar da likitoci ta dakatar da shi, amma a 2001 Kotun Ƙoli ta wanke shi, ta ce baligi mai hankali yana da 'yancin ƙin magani ko da ƙin zai kai shi kabari. Ga yaro kuwa hukuncin ya sha bamban. A shari'ar Esabunor da Faweya, wadda ta samo asali daga wani jariri ɗan wata guda a Legas da mahaifiyarsa ta hana a ƙara masa jini, Kotun Ƙoli ta ce a 2019 kotu tana da ikon tsallake iyaye don ceton ran yaro. Iyaye amana aka ba su, ba mallaka ba.

Wannan duk a takarda ne. A barandar asibitinmu abubuwa uku ne suka fi yanke hukunci, kuma ba ɗaya daga cikinsu da ke cikin fatawa ko kundin doka.

Na farko aljihu. Sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga hannun mutane suke fitowa kai tsaye. Don haka a gidaje da yawa ba a kai ga gardamar cire na'ura, ba a ma samu gadon ba. Waɗanda suka samu kuma sukan sayar da gona, su sayar da shanu, su ci bashi, don kada a ce sun yi wa tsoho rowa, har a wayi gari an rasa tsohon an rasa kuɗin makarantar marayu. Ba laifi ba ne mutum ya kashe dukiyarsa a kan mahaifinsa, alheri ne babba. Laifin shi ne a bar shi ya sayar da gonar ba tare da wani ya zaunar da shi ya faɗa masa gaskiyar abin da kuɗin za su iya saya ba.

Sai girma. Wanda ya fi shekaru ko ya fi kuɗi shi ake jira, ko da rabonsa da mara lafiyar tun sallar bara. Matar da ke kwashe kashi da fitsari, 'yar da ke kwana a ƙasan gado, su ne suka ji abin da ya faɗa da asuba lokacin da zafi ya lafa, su ya faɗa wa cewa ya gaji, ko ya ce musu yana son ya ga auren autarsa ko ta halin ƙaƙa. Kunya da al'ada sun hana su buɗe baki a gaban maza. A gidan da ke da mata biyu ko uku, da 'ya'yan ɗaki daban-daban, abin ya fi haka wuya, don duk wanda ya ce a dakata sai a ce gado yake hange.

Na ukun ya fi su ciwo, domin daga ƙauna yake fitowa. Bahaushe ba ya cewa jiki ya yi tsanani. Ko mutum yana gargara, aka ce ya jiki, amsar ita ce da sauƙi. Kyakkyawar ɗabi'a ce, tawakkali ne da kyautata zato ga Allah. Amma idan ta kai ga dangi su ja likita gefe su ce don Allah kada a faɗa masa, to an ƙwace wa mutum abin da ba mai mayar masa. Yana da bashin da bai faɗa wa kowa ba. Yana da ɗan'uwan da suka shekara goma ba sa magana. Yana da amanar wani a ƙasan akwati. Sau da yawa ma ya riga ya sani, jiki magayi, yana yin shiru ne don kada ya tayar musu da hankali, su ma suna yin shiru don kada su tayar masa, kowa yana kuka a ɓoye. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da mara lafiya halin da yake ciki, da hanyoyin magani, da haɗarinsu da kuɗinsu, da 'yancinsa na ƙi, cikin harshen da yake ji, sai fa idan akwai ƙwaƙƙwaran dalilin cewa faɗar za ta cutar da shi. Faɗar tana da ladabi, tana da lokaci, ana iya yin ta kaɗan-kaɗan, a fara da tambayarsa nawa yake son ya sani. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Akwai kuma fargabar da ke hana mutane cewa a dakata: suna jin kamar sun yasar da nasu ne. A nan binciken da aka wallafa a 2010 daga wani babban asibitin birnin Boston yake da amfani. An ɗauki masu ciwon dajin huhu da ya riga ya bazu su 151. Rabi aka yi musu maganin da aka saba. Rabi aka haɗa musu tun farko da masu kula da rage raɗaɗi, masu zama su tambaye su abin da suke so. Kashi na biyun sun fi samun natsuwa, sun fi ƙin magungunan wahala a kwanakin ƙarshe, kuma sun fi daɗewa a duniya da kusan wata 3. A Afirka, Yuganda ce ta yi fice a wannan aiki. Dakta Anne Merriman, wadda ta yi shekaru tana aikin likita a Najeriya, ta kafa cibiyar kula da masu ciwon ajali a Kampala a 1993, ana haɗa ruwan maganin mofin mai araha ana kai wa mutane har gida, kuma a 2004 ƙasar ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi. A Najeriya asibitin koyarwa na Ibadan yana cikin waɗanda suka fara buɗe irin wannan sashe. Saboda haka idan likita ya ce a kai shi gida, dangi suna da haƙƙin su tambaya: da wane maganin zafi, wa za a kira idan numfashi ya yi wuya, yaushe za a dawo? Mutum ya cika a ɗakinsa, ba ya ihu don azaba, ana laƙƙana masa kalmar shahada ko ana yi masa addu'ar addininsa, wannan ma jinya ce.

Hausawa sun san wasiyya. Mutum yakan faɗi wa yake bi bashi, wa ke bin sa, wa zai yi masa salla, ina za a binne shi. Abin da ba a saba sakawa ba shi ne jinya: idan na kasa magana, wane ne bakina, kuma ga abin da nake so da wanda ba na so. Ingila ta tanadi wannan a dokarta ta 2005, Indiya ta amince da shi a 2018. Buƙatarsa a fili take, domin wani nazari da ya tattara bincike da dama a 2006 ya gano cewa idan aka ce dangi su yi hasashen abin da mara lafiyarsu zai zaɓa, sau ɗaya cikin uku suna kuskure. Ba sai da lauya ba. Magidanci ya tara matansa da manyan 'ya'yansa yana da lafiyarsa, ya ambaci mutum ɗaya a gaban kowa, ko da matarsa ce ko 'yarsa, a rubuta, shaidu biyu su sa hannu. Uwa ma haka. Wanda aka ambata kuma aikinsa ba faɗin son ransa ba ne, isar da saƙo ne.

Shari'ar Nancy Cruzan ta nuna nauyin kalma ɗaya da aka faɗa da lafiya. Ta yi hatsarin mota a jihar Missouri a watan Janairu na 1983, tana da shekara 25, ba ta farfaɗo ba. Iyayenta suka yi ta shari'ar neman a bar ta ta huta har Kotun Ƙolin Amurka, wadda ta ce a 1990 jiha tana da ikon neman hujja bayyananniya ta abin da Nancy da kanta take so, ba abin da iyayenta suke so ba. Iyayen ba su da ita. Sai wasu da suka taɓa aiki tare da ita suka ji labarin, suka zo kotu suka ba da shaidar wata hira da suka yi da ita shekaru da suka wuce, a bakin aiki, inda ta ce ba za ta so a riƙe ta a haka ba. Da wannan shaida alƙali ya yanke hukunci a watan Disamba na 1990. A kan dutsen kabarinta iyayen sun rubuta ranaku uku: ranar da aka haife ta a 1957, ranar da ta tafi a 1983, da ranar da ta samu hutu, 26 ga Disamba, 1990.

 Allah Ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.